Martani: Ba Duk Wadda Banki Ya Hana Rance Ce Mai Cin Bashi Ba

Malam, ka rubuta cewa duk 'yar kasuwar Makola da banki ya hana rance, halinta ne ya ja mata. Ban yarda ba. A unguwannin Nima da Maamobi masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa, ma'aikaci kuma yakan rubuta sunan Hausa yadda kunnensa ya ji, sai bashin wata ya hau kan wata. Wata kuwa ta biya ne, ba a share ba. Dokar bayanan bashi ta 2007, mai lamba 726, ta ba ta damar karɓar rahoton bashinta daga kamfanin adana bayanan bashi na XDS Data, ta ƙalubalanci kuskure da rasidinta a hannu, in an ƙi gyarawa ta kai kuka Babban Bankin Ghana. Za ka ce katin shaida na Ghana Card ya kawar da ruɗanin suna. To, bayanan da aka shigar kafin katin, wa ya tace su?