Haƙuri Ba Maganin Kowace Cuta Ba Ne

A Maraɗi, in mai jego ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta zauna tana duban jaririnta kamar ɗan wata, hukunci biyu muke yanke mata: ko iska ta taɓa ta, ko tawakkalinta ya yi rauni. Duka biyun zalunci ne. Abin da ke cin ta yana da suna, ciwon damuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna fama da shi.

Masu cewa ciwon Turawa ne, su dubi saiwoyinsa, su gaya mana wacce ce babu a ƙasarmu. Akwai ta jiki: gado, ƙarancin jini, da sinadaran da ke faɗuwa farat ɗaya bayan haihuwa. Akwai ta zuciya: yaron da ya tashi cikin tsawa da bulala yakan girma yana ganin kansa ba kowa ba. Akwai ta zaman jama'a: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma a jihar Maraɗi an aurar da su kafin shekara 18. Manomin Jiratawa da bashin taki ya hana shi runtsawa, da uwar da ta binne ɗa a yunwar 2005, wa ya taɓa tambayarsu yadda suka kwana?

Magabatanmu ba su san sinadari ba, amma sun san sauraro. Littafin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 kan borin Maraɗi ya nuna galibin ƴan bori mata ne. A ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri, wadda duniya ta yi wa ƙunci takan sami taron da zai kewaye ta. Ba kira nake a koma ga girka ba. Tambaya nake: da muka yi tir da ita, me muka sa a gurbinta? Kalma guda: “Yi haƙuri.”

Malaman makaranta, ku kuke fara ganin ɗalibar da ta yi shiru. Kada ku kira ta malalaciya. Ku zauna da ita, ku kai ta ga likita, domin ciwon yana jin magani da shawara. Addu'a ba ta hana mu shan maganin zazzaɓi ba. Don me za ta hana wannan?