Lafiyar Iyali: Aikin ƙashin baya, babbar tsaga ko ƙarama?

Ƴan'uwa masu karatu, ciwon ƙugu ya hana bayin Allah da yawa yin ruku'u da sujada yadda suka saba. Akasarinsu magani da motsa jiki bisa shawarar likita sun ishe su. Amma akwai wanda za a ce masa sai an haɗe masa ƙasusuwan baya biyu, aikin da ake rubutawa arthrodèse a takardar asibiti. Daga nan sai dangi su shiga haɗa kuɗi, wani sa'in har a sayar da gona, a nufi Tunis ko Indiya. A can ne ake tarar da zaɓi biyu: babbar tsaga ko ƙarama.

Ƙasan baya yana da ƙasusuwa biyar a jere, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Idan faifan ya lalace, ko ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa ya danne jijiya, likita yakan cire faifan, ya sa ɗan keji mai ɓarɓashin ƙashi a gurbinsa, ya ɗaure wurin da kusoshi da sandunan ƙarfe. Asalin aikin tsoho ne, domin a 1911 likitoci biyu a New York, Hibbs da Albee, suka fara yin sa, musamman ga waɗanda tarin fuka ya ci musu ƙashin baya.

A babbar tsaga, ana buɗe tsakiyar baya, a ɗaye tsoka daga jikin ƙashi, likita ya ga komai da idonsa. Ƙaramar kuwa ta bazu ne a farkon shekarun 2000. Ana yin ƴan huje-huje, a zura bututu tsakanin tsoka, likita yana aiki yana duban hoton rediyo. Jini bai cika zuba ba, raɗaɗin kwanakin farko ya fi sauƙi, ana sallamar mutum da wuri, kuma rauni bai cika yin ruwa ba. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda yake biyan kwana a ƙasar mutane. Sai dai hasken rediyon da ke ratsa jiki ya fi yawa, kayan aikin sun fi tsada, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya kuskure a wannan ƙunci. Bayan da ya karkace sosai, ko aikin da ya shafi ƙasusuwa da yawa, sau da dama babbar tsaga ta fi dacewa da shi.

Abin da muke son iyalai su riƙe shi ne, binciken da aka yi ya nuna bayan shekara biyu sakamakon hanyoyin biyu ya yi kusa da juna. A dukkansu ƙashi yana buƙatar wata shida zuwa shekara kafin ya haɗe, kuma shan taba yana hana shi haɗewa. Saboda haka kafin a sayar da gona, a tambayi likita na biyu ko aikin ya zama dole, a kuma tambayi mai aikin sau nawa ya yi irinsa. Tambaya ba rashin ladabi ba ce.

Amma wanda ƙafarsa take mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, a kai shi asibiti a ranar. Wanda aka yi wa aiki kuwa kada ya takura wa kansa da sunkuyo. Shari'a ta yarje masa yin salla a zaune, ko a kwance, har likita ya ba shi izini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.