AZZALUMI BA A KAN MULKI KAƊAI YAKE BA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Sau da yawa idan aka ambaci littattafan hikaya na Hausa a gaban 'yan'uwa matasa, sai su yamutse fuska, wai soyayya ce da ɓata lokaci. Har ta kai a shekarar 2007 gwamnatin Kano ta lokacin ta sa an ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Lallai akwai shirme a cikin wasu. To amma akwai waɗanda suka tona wani zalunci da ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba, wato zaluncin miji a kan iyalinsa.

Ɗauki littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar ba ta tsaya tana kiran Alhaji Abdu azzalumi ba. Sai ta shigar da mai karatu cikin gidansa, ta nuna masa ɗan abin da yake bayarwa na cefane ga matarsa Rabi da 'ya'yanta 9, sannan ta nuna masa yadda wannan hannun yake sakin kuɗi wajen Delu, macen bariki da ya auro. Jera waɗannan abubuwa biyu kusa da juna ya isa hukunci. Mai karatu shi ne alƙali, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ya fi zama a zuciya.

Dabara ta biyu ita ce 'ya'yan. Da aka kori Rabi, ba ita kaɗai ta fita ba. Labarin ya bi yaran, ya nuna uwa tana sayar da abinci don ta ciyar da su alhali ubansu yana raye yana kasuwancinsa. A nan ne ake gane cewa saki na zalunci ba mutum ɗaya yake sara ba.

Ta uku ita ce sunan littafin kansa. Tun daga bango an gaya wa mai karatu cewa alhaki zai biyo mai shi, don haka da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, ba wanda ya yi mamaki. Amma marubuciyar ba ta bar mutum ya yi murna ba, domin daga ƙarshe Rabin ce aka matsa wa ta koma ta riƙe shi. Wannan ɗacin da gangan aka bar shi a bakin mai karatu.

Saboda haka ɗan'uwan da yake ɗaga murya a kan azzaluman mahukunta, ya sani gobe shi ma shugaba ne a kan wasu raunana. Allah (T) Ya yi umurni da kyautata zama da mata a aya ta 19 cikin Suratun Nisa'i, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah (S) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Wanda ya kasa tsai da adalci a ɗaki guda, ta yaya zai tsai da shi a ƙasa?

Allah Ya kare mata da yara daga sharrin azzalumai, na waje da na cikin gida. Wassalam.