Yaranmu Da Neman Kuɗi

Jama'a, duk wanda ya yi sammako ya ratsa Kantin Kwari ko Kurmi ko Dawanau ya ga abin da za mu faɗa da idonsa. Ga samari 'yan shekara 13 zuwa 17 suna tura kura, suna dako, suna karen mota. Ga 'yan mata da faranti a ka har bayan magariba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bincika a 2022, ta tarar yara fiye da miliyan 24, watau wajen 39 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 17, suna aikin da bai dace da su ba. 'Ya'yan wa ke nan? Namu ne, mu talakawa.

Kada wani ya ce mun zo zagin sana'a. Mu ma a gindin rumfa muka tashi. Yaron da ya zauna wajen maigidansa awa biyu bayan an tashi makaranta, ya koyi lissafi da riƙon amana da yi wa manya magana, lalle ya ci riba. Yawan aikin da irinsa muke tsoro.

A 1986 waɗansu masana biyu na Amurka, Greenberger da Steinberg, sun fitar da littafi a kan 'yan makaranta masu aikin kuɗi. Su da waɗanda suka biyo bayansu sun lura idan aiki ya wuce kamar awa 20 a mako, karatu yakan ja da baya, shan taba da giya ya ƙaru. Gaskiya ne, waɗansu sun ce yaran da ba sa son makaranta tun da fari su ne ke rungumar aiki mai yawa. Mun ji. Amma awa 20 a mako fa! Yaronmu na tasha cikin kwana biyu yake cinye ta.

Ku dubi yadda abin ke ci. Yaron da ya kwanta tsakar dare ya tashi da asuba ba ya samun barci, sai saurin fushi da mantuwa da gyangyaɗi a aji. In jiki ya gaza, abokan aiki su miƙo masa tiramadol wai ya ƙara ƙarfi, tun yana sha don aiki har ya koma yana aiki don ya sha. Sa'an nan kuɗi ya shiga aljihu tun hankali bai zauna ba. Uwar da ɗanta ke kawo mata cefane, da wane baki za ta tambaye shi inda ya kwana?

Na 'yan mata ya fi ciwo. Yarinya ta fita da ƙosai, ciniki ya ƙi ko kuɗi ya zube, ta san duka na jiranta a gida. Tsoron nan shi ne ƙofar da mugun namiji ke bi, ya ce zai saye farantin duka. Daga nan sai yarinya ta yi shiru, ta rame, ta riƙa firgita cikin barci, mu kuwa mu ce iska ce.

Doka tana nan. Dokar ƙwadago ta hana a sa ɗan ƙasa da shekara 16 aiki fiye da awa 8 a yini, ta hana aikin dare. Dokar ilmi ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, tilas ne. To, wa ya taɓa ganin ma'aikacin hukuma ya shigo kasuwa yana ƙidaya awoyin yaro? Kuma ba kwaɗayi ya fitar da yaran nan ba, yunwa ce. Mahukuntan da suka bar hatsi ya gagari talaka ba su da bakin zagin uwar mai talla.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su yanke shawara a taronsu na gaba: kowane yaron shago ya tashi kafin magariba, ɗan makaranta kada ya shigo sai an tashi, wani abu daga ladansa a zuba masa a adashi. Iyaye kuma, in kuɗin talla ya ɓace, a karɓi farantin, a ba yarinya tuwonta.