Na'ura ba ta san ɗan kowa ba

A da, in yaro daga Filinge ko Damana ya kammala karatu, hanyarsa a fili take. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunsa, ita ce kuma ke jiransa da aiki. Wannan zamani ya shuɗe tun lokacin da tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni ya sa aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 kuma ta ƙara tsananta al'amarin. A 1996 dokar ƙwadago ta tanadi hukumar ANPE domin haɗa masu neman aiki da masu bayarwa. Tun daga nan takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ya sani da sunan CV, ta zama jakadiyar matashi a wuraren da ƙafarsa ba ta kai ba.

To, yanzu ita ma jakadiyar ta gamu da sabon mai gadi. Manyan kamfanoni da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji da yawa suna karɓar dosiye ta intanet. Takarda na shiga, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke fara tarbarta: ta ware suna, digiri, shekarun aiki da harsuna, ta jera su. Daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata, wanda ɗaruruwan takardu suka taru a gabansa, sai ya nemi waɗanda ke ɗauke da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Takardar da ba ta da su, ko da ta gwani ce, tana iya kwana a ƙasan tuli ba wanda ya buɗe ta. Binciken da makarantar kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture suka fitar a 2021 ya nuna kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun amince cewa tsarin yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta, don kawai takardunsu ba su yi daidai da sharuɗɗan sanarwa ba.

Wannan ya shafi ƙasar Kurfai da Tondikandiya kai tsaye. Tun 2012, da ƴan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, ayyukan agaji sun yawaita a jahar Tilaberi, matasan yankin da dama kuma sun yi aiki a cikinsu. Wani ya zaga ƙauyukan Dallol Bosso yana ƙidayar gidaje, wata ta tara mata tana faɗakar da su kan ciyar da jarirai, wani ya riƙe littafin bankin cimaka, wani ya yi wa shanu allura a kewayen Tukunus. Aiki dai sun yi shi. Matsalar ita ce sunan da suke ba shi. Matashi zai rubuta cewa ya taimaka wa wata ƙungiya a ƙauye, alhali sanarwa na neman «collecte de données», ko «mobilisation communautaire», ko «gestion de stock», wato daidai abin da ya yi da hannunsa.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wajibi ne mai nema ya karanta sanarwa da alƙalami a hannu, ya ja layi ƙarƙashin kowane aiki da kowace ƙwarewa da aka ambata, sannan ya duba wanne ya taɓa yi. Wanda ya yi, ya rubuta shi da kalmar sanarwar, tare da wuri da shekara da adadi: ƙauyuka nawa, buhu nawa, wata nawa. Sunan makaranta da na digiri a rubuta su cikakku tare da taƙaicensu, kamar IPDR ta Kollo. Harsuna kuma a jera su ɗaya bayan ɗaya, Hausa, Zabarmanci, Tamajak ko Fulatanci, domin a aikin karkara su ne jarin da ɗan birni sau da yawa bai da shi. Kowace sanarwa da takardarta; CV guda da ake aikawa ko'ina kamar kwano guda ne da ake auna gero da mai.

Akwai kuma batun siffa. Da yawa suna ɗaukar hoton takardarsu da wayar salula su aika. Na'urori da dama ba sa iya ciro rubutu daga hoto yadda ya kamata. Gara a buga ta a kwamfuta, rubutu miƙaƙƙe, ba zane ba akwatuna, a adana ta a Word ko PDF.

Amma fa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya cika takarda da kalmomin aikin da bai taɓa yi ba zai iya wuce na'ura, sai dai ranar ganawa mutum ne zai zauna gabansa, tambaya biyu kuma ta isa. Ita kanta na'urar ba alƙali ba ce: a 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu nema bayan an gano tana danne takardun mata.

Jarrabawar shiga aikin gwamnati tana nan da dosiyenta na takardar haihuwa da shaidar zama ɗan ƙasa. Sai dai ɗan kasuwar da ya sayar da bijimi ya biya kuɗin karatu, da ma'aikacin da ya saba rubutun ofis, ya dace su zauna da ƴaƴansu kan sanarwa kafin a aika komai. Awa guda ta wannan zama ta fi kuɗin mota zuwa Yamai neman wanda zai sa baki.