Filin Anti: Ki Riƙe Allinki, Ƙanwata



Wata ƙanwata ce ta rubuto mini, ta ce ta gama sakandare da kiredit a Turanci, kuma burinta ta zama malamar Turanci. Amma ƙawayenta suna ta yi mata dariya, wai koyarwa aikin wadda ta rasa abin yi ne. Saurayinta kuma ya ce da an ɗaura aure karatu ya ƙare. To ƙanwata, share hawayenki ki saurare ni.

Ni ma alli nake riƙewa. Na sha ganin yarinya ta cinye duk darussanta a WAEC ko NECO, amma Turanci ya kayar da ita, ƙofar jami'a ta rufe. Wa zai ceto irin waɗannan in ba ke ba? Ke Bahaushiya ce, kin san inda harshenmu yake tuntuɓe. Hausa ba ta raba "p" da "f", ba ta da "v", sai mu mai da ita "b". Ba ma jera baƙi biyu a farkon kalma sai mun cusa wasali, shi ya sa muka sami burodi da buroshi. Wadda ta taɓa wannan tuntuɓen ita ta fi iya ɗaga wadda ta faɗi.

Hanyar kuwa a fili take. Ki nemi NCE a kwalejin horar da malamai, shekara 3 ne har da koyarwar gwaji, sannan ki yi rajista da hukumar TRCN. Digiri ya biyo baya in Allah ya so.

Ba zan ɓoye miki ba, albashin ba yawa, aji a cike, ga tulin littattafan dubawa. Amma da rana kin dawo gida, ga hutu, kuma ko a tsakar gidanki kya tara yara da matan aure ki yi musu darasi, ki sami na kashewa.

Batun saurayi kuwa, tun ran gini tun ran zane. Ki sanar da su Baba, a yi maganar karatunki a gaban manya kafin a karɓi sadaki. Alƙawarin zaure ba ya hana kuka a ɗaki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Anti.