Akwatin sauya muryar gita

Akwatin nan da makaɗin gita ke takawa don kiɗa ya yi kauri, da tsada yake zuwa daga Turai, alhali kayan cikinsa kaɗan ne. Fuzz Face, wanda aka ƙera a Ingila a 1966, Jimi Hendrix kuma ya yi kiɗa da shi, tiransisto 2 gare shi. Tsohuwar rediyo a kasuwar Katako ta isa ta ba da su. Sai dai a guji na jamaniyom: zafi na sauya masu hali, ga shi Afrilu a Yamai yakan wuce digiri 40. Na silikon sun fi juriya. Gidansa kuwa na ƙarfe ake so, roba ba ta tare ƙugi. Maƙeran sanholo su zuba shi, a goge, a shafa fenti.